Mai Duba Ƙafa

Tun da aka samo allurar da ke rufe ƙofar zafi a jijiya, doka ta ce ba a yi wa mutum sai ya kawo wanda zai riƙa duba masa jiki kullum, don ko ƙusa ya taka ba zai ji ba.

Ɗanjummai mahauci, wanda ya gaji ƙunar ƙafa daga uwarsu, ya ɗingisa har gidan ƙanwarsa Tasalla da takarda.

"Sa min hannu, don Allah. Garwashi nake takawa."

"Yaya, bara aka yi min, mijina ke dubawa. Kalli."

Ta janye zani. Yatsun ƙafa uku babu.

Ya daɗe yana kallo.

"Amma kina barci?"

"Kamar jaririya."

Ya miƙa mata biro.