Ƙofa Biyu, Lamba Ɗaya

Wani malami da ke koyar da haɗa kwamfutoci, idan ya zo kan na'urar da aka jona da layi biyu, kuma ɗalibi ya nemi ya ba kowace kafar da layi ke shiga adireshi iri ɗaya don sauƙi, sai ya kawo wannan misali.

Tun kafin wayar hannu ta shigo, akwai wani tela mai gida a kan kwana. Ƙofar shagonsa tana kallon titi, ta iyalinsa kuma tana can cikin lungu. Da ma'aikatan hukuma suka zo rubuta lambobin gidaje, suka sa wa ta titi sha biyu, ta lungu kuma arba'in, domin kowace hanya da nata lissafin. Tela ya ce atafau bai san zancen ba. "Gida ɗaya, mai gida ɗaya, lamba biyu ta mece ce?" Mai fentin da ke rubuta lambobin ya nuna masa cewa akwai wani sha biyun a bakin lungun, amma mutumin naka taurin kai gare shi kamar ƙusa. Suna ba da baya ya goge arba'in ya rangaɗa sha biyu, ya kuma sanar da dangi na ƙauye cewa lambarsa ke nan ta ko'ina. Katin biki ya ɓata, ƙullin daddawa ya sauka gidan wasu, duk ya mai da abin raha.

Ana nan sai ciwo ya kwantar da yayansa a ƙauye, wanda shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Aka rubuta wa tela takarda cewa ya zo maza, aka ba wani direba da bai san tela ba, aka kwatanta masa lungun da lambar. Direba ya shiga, ya tsaya a sha biyun farko, ya tarar da kwaɗo don masu gidan sun yi tafiya, sai ya tura takardar ta ƙarƙashin ƙofa ya kama gabansa. Kwana tara tana nan kwance. Ranar da maƙwabcin ya dawo ya miƙa wa tela takardar, sai ya bar ɗinki a kan keke ya nufi tasha. Ya isa ana sadakar uku. Matar yayan ta gaya masa cewa har ya cika, duk wanda ya yi sallama sai ya tambaya ko ƙaninsa ne. Tela ya zauna a zaure ya yi kuka mai cin rai, ba kuma wanda zai ɗora wa laifi sai kansa.

Haka na'ura take, in ji malamin: kowace kafa da nata adireshin a kan nata layin, in ba haka ba saƙo ya ɓata. Dama Hausawa sun ce, wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.