Ƙanzon Kaka

Ina da shekara tara ranar da manajar gidajen hayarmu a unguwar East Greensboro, a ƙasar Turawa, ta tarar da Kaka tana watsa wa agwagin daji ƙanzo a bayan gida. Kaka ba ta zuba abinci a shara. A wurinta wannan sadaka ce.

Matar ta ce doka ta hana ciyar da su a unguwar. Wannan gargaɗi na biyu ne, a na uku sai mu kwashe kayanmu. Iyayena suna wurin aiki, Kaka ba ta jin Turanci, ni ce tafinta.

"Ke, faɗa mata su ma halittar Allah ce," in ji Kaka, kwano a hannu. "Gobe ma zan ba su."

Na ce wa matar, "Ta ce ki yi haƙuri, ba za ta sake ba."

Kaka ta daɗe tana kallona. Sai ta zauna a bakin ƙofa, ta yi bisimilla, ta cinye ƙanzon.

Har ta rasu ba ta tambaye ni abin da na faɗa ba. Har yau in na jiƙa ƙanzo sai na yi istigfari.