Gado Ɗaya, Gari Uku

Riɗi ya yi wa Abdoul Razak rana a bana, shi kuwa ba mutum ba ne da zai ci daɗi a ɓoye. Kafin ya gama shawara da matarsa Rahila, duk kasuwar Magaria ta ji cewa zai kai iyayensa yawon buɗe ido da zarar yara sun samu hutun bakans: Alkahira, Istanbul, a ƙare a Dubai. Masu shayi har sun fara kiransa Na-Dubai.

Babu abin da bai tanada ba. Ya sa an ajiye wa babansa, Malam Maikano, keken turawa a kowane filin jirgi saboda ciwon gwiwa. Rahila ta daka yaji da kuka da daddawa, don Inna Ɗela ba ta cin abincin da ba ta san sunansa ba. Yaran biyu, Khairat da Zakari, tuni sun ba hammata iska a kan wanda zai zauna kusa da taga.

Amma abin da ya fi ji da shi ɗakin tsofaffin ne. A kowane gari ya kama musu ɗaki guda, da gadon da amalanke zai iya juyawa a kansa. Da Rahila ta ce ko a kama biyu, sai ya harare ta. Shi ne zai raba abin da Allah ya haɗa? Tun da ya yi wayo bai taɓa jin kan Baba da Inna ba, kuma duk ranar da Rahila ta ɗaga murya da su yake kawo mata misali.

Ya kwashi yaran suka nufi Bande, garin iyayensa, da hotuna a wayar salula. Gidan na nan yadda ya san shi, da katangar nan ta tsakiya da aka ce an yi ta don kada awakin Inna su cinye littattafan Malam. Tsohon ya ga teku ya ce masha Allah, ya ga dogayen benaye ya ce ikon Allah. Da aka iso kan gadon sai tari ya sarƙe shi.

"Shi wannan otel," in ji shi, "ba shi da zaure?"

A ɗaya sashen ma bai tsinci komai ba. Shi ɗan fari ne, Inna ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi. Ta leƙa hoton da gefen ido, ta jawo jikanta.

"Zakari, gaya wa wancan ni da kai za mu kwana. Ga mijina a hannu, me zan nema?"

Abdoul Razak ya yi dariya, ya ce Zakari shure-shure yake yi a barci kamar jaki, kuma ai an riga an kama ɗakin.

Daga ranar uzuri ya fara zuwa Magaria a kan babur. Gwiwar Malam ta tashi, sai Abdoul Razak ya aika da likita. Akuyar Inna ta kusa haihuwa, ya samo mai kiwo. Malam ya ce a ƙasar mutane bai san gabas ba, ya nuna masa alƙibla a salula. Ya toshe nan, can ta ɓulle. Ana saura mako guda a tashi, ɗan kabu-kabu ya sauke masa sabon akwatin da ya saya wa Inna, ko ledarsa ba a cire ba.

Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai. Dariyar masu shayi zai iya haɗiye ta. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne matar da ta yi ta dakan fura har ya gama karatun lakwal a Damagaram ta mayar masa da abu na farko da ya ɗauka ya isa a kira shi sakayya. Ƙato da shi, ya je wurin Baba Tamu, ƙanin mahaifinsa, yana share hawaye da hula.

"Baba, me na yi musu? Wallahi in ba su je ba, ba mai zuwa."

Baba Tamu ya daɗe yana sosa gemu. "Shi ɗakin dai ba ya rabuwa biyu?"

"Kunyar tsofaffi ce kawai, Baba. So nake su huta tare ko sau ɗaya."

"To," in ji tsohon. "Ka zo Bande ranar Juma'a bayan masallaci."

Ya iso a makare, ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, liman na shafa fatiha, ana raba goro da dabino. Malam Maikano ya sha sabuwar babbar riga, yana ta ƙamshin turare, gwiwa ta warke sarai, abokansa na ta zolayarsa yana sunkuyar da kai. Daga cikin gida aka rangaɗa guɗa. Wata yarinya ta fito ta ce Inna ta ce a dawo mata da akwatinta.

Daɗi ya kama Abdoul Razak har ya rasa inda zai sa kansa. Ya durƙusa gaban Baba Tamu.

"Allah ya saka da alheri, Baba. Ban taɓa ganin addu'ar tafiya da guɗa ba sai yau."

Tsohon ya danƙa masa goro a tafin hannu.

"Wace tafiya? Ci goro, ɗan nema, auren uwarka da ubanka muka mayar. Shekara talatin da saki tana zaman 'ya'ya a bayan katanga lafiya lau, sai da ka zo mana da gadonka."