Akwati na Shida

Da sanduna suka fara, suka ƙarasa da duwatsu. Kafin la'asar Zaharaddeen ya daina motsi a gindin tsamiyar kasuwa, matarsa Saude tana ihu, mahaifinta Malam Arzika ya riƙe ta gam.

Laifinsa akwatuna ne. Malama Marta, mai binciken tsuntsaye a Gusau, ita ta ba shi aikin ɗaura su a bishiyoyin dajin da ke bayan ƙauyensu, ta wajen Tsafe. Ko tafin hannu ba su cika ba. Suna auna zafi da laima, suna naɗar kukan tsuntsaye.

Zaharaddeen mutum ne mai son nuna abin da ya iya. Da surukinsa ya tambaye shi, cikin tarin nan nasa mai kama da gyaran murya, "Wai mi akwatin ga ka yi?" sai ya washe baki.

"Baba, ko ganye ya faɗi sai ya ji."

Washegari 'yan bindiga suka shigo ta hanyar rafi, hanya ɗaya tak da ba a gadi. Suka harbe mutum tara, suka kora shanu. Kafin a gama jana'iza magana ta zaga gari cewa akwatunan ne ke kiran ɓarayi. Ba wanda ya tsaya tambayar bakin da ta fara fitowa. Da aka gama da Zaharaddeen, matasa suka shiga daji suka farfasa guda biyar.

Saude ta koma gidan mahaifinta takaba. Kullum sai ya zauna kusa da ita ya lallashe ta.

"Ɗiyata, biyar ɗin nan su ke nan ko?"

Kai kawai take ɗaga masa. Amma ta san akwatunan shida ne, duk sati biyu mijinta yakan sauya wa guda ɗaya wuri, kuma na shida yana kan kukar bakin rafi. So take ta wanke sunansa, ko da yana kabari.

Ranar da ta fita takaba ta ciro akwatin, ta hau mota zuwa Gusau. Marta ta sa mata abin ji a kunne, ta kunna abin da akwatin ya naɗa. Kurciya ta yi kuka. Babura suka tsaya. Wani ya ce, "Ku biyo ta rafi, babu kowa."

Sannan ya yi tarin nan da ke tashinta sallar asuba tun tana yarinya.