Tabon Goshin Sallau

Da idon Inna Kulu ya mutu, asibiti suka ba ta tabarau mai kwaikwayon yadda ƙwaƙwalwarta ta saba gani, yana raɗa mata abin da ke gabanta.

Ranar Juma'a tana zaune a tsakar gida, tabarau na lissafo mata: buta, akuya, Ladi maƙwabciya.

"Ladi, kowa ya zo duba ni," in ji ta da ɗaci, "ban da wancan."

Wancan ɗin Sallau ne, ɗanta na fari, wanda kunya ta hana ta kiran sunansa ko kallonsa shekara arba'in.

"Haba Inna!" in ji Ladi. "Ga shi tsugune gabanki tun ɗazu, yana jira ki gama magana."

Ashe abin da idonta ya saba kaucewa, tabaran ma tsallake shi yake yi.

Ta cire shi, ta miƙa hannu tana laluben fuskar ɗanta. Yatsunta suka tsaya kan wani tabo a goshinsa.

"Yaushe ka ji wannan ciwon?"

"Tun ina ɗan shekara bakwai, Inna."