Aska Marar Kaifi

"Aska marar kaifi?" Maƙerin ya ajiye guduma. "Samari, ni za ka mayar abin dariya? Ka sayi cokali mana!"

"Baba, ƙera min ita kamar ta gaske," na ce. "Nauyinta, ƙotar ƙaho, komai. Bakin kawai za ka bari a dakushe."

Na gaya masa dalili. Mahaifina wanzami ne, tsufa ya tafi da tunaninsa. Tun ranar da ya yanke yatsa muka ɓoye askarsa, shi kuma ya daina magana. Ni autansa, kallon baƙo yake min.

Maƙerin ya hura wuta.

Ranar da na kai masa ita, na shafa kumfa a fuska, na durƙusa a gabansa. Mahaifina ya jujjuya askar, ya wasa ta a tafinsa. Hannun nan mai karkarwa ya tsaya cak.

Sai ya ɗago haɓata.

"Auta, daina motsi," ya ce. "Kuma wane ragon maƙeri ne ya cuce ka? Wannan ko ayaba ba za ta yanka ba!"