Jimlar da Kudu Ya Haddace

Wata guda ke nan Kudu yana taya Gizela bita a gindin wani mangwaro a Gidan Kwano. Ita Bajamushiya ce, 'yar wasan kwaikwayo da ta zo koyar da ɗalibai. Yanzu an kira ta gida, za ta fito a wasan da ta shekara goma tana jira. Shi kuwa telan da ke ɗinka musu kayan wasa ne. Yakan karanta maganar mijin cikin wasan da Jamusanci daga takarda, ita tana amsawa, alhali ko kalma ɗaya ba ya ji.

Yau da awarwaron mahaifiyarsa ya zo a aljihu, ƙirar Bida, da niyyar ya ba ta, ya roƙe ta ta zauna. Da suka kai jimlarsa ta ƙarshe sai ya tsaya, ya sa hannu a aljihu.

"Malam Kudu, kai nake jira," in ji ta da gurguwar Hausarta.

"Wai me nake ce miki a nan kullum?"

Ta dubi takardar, sannan ta dube shi. "Cewa kake, ki tafi, ba zan riƙe ki ba."

"In na ƙi faɗa fa?"

"Sai matar ta zauna." Ta sassauta murya. "Amma wasan ya mutu."

Ya tuna yadda idanunta ke haske duk sanda ta miƙe za ta fara wasa. Ya zare hannu daga aljihu, ya ninke takardar, ya faɗi jimlar da ka, tiryan-tiryan.

Ran nan ba ta gyara masa ko harafi ba. Ita ce ma ta manta amsarta.